Ciyawar Lefteris Ta Farka

Yaya Drita,

Gaisuwa mai yawa daga tsibirin Kirit na ƙasar Girka. Yaya ƙafar Inna? Su Agim suna karatu kuwa, ko sai ƙwallo? Ni lafiya lau, ban da bayan nan nawa da ya saba gunaguni.

Albishirinki, ba a kore ni ba. Kin tuna ciyawar da na shimfiɗa wa maigidana Lefteris a farfajiya lokacin kaka, kamar tabarma? Sanyi na shigowa ta bushe ƙamas. Kin san a dutsenmu ƙishirwa kaɗai ke busar da ciyawa, sai na dinga ɗura mata ruwa har ƙasar ta fara wari. Lefteris ya ce, "Petrit, in Ista ta zo babu kore, ka nemi wani gidan." Maganar ta ƙona ni, amma ai farfajiyarsa ce.

Maƙwabciyarmu, tsohuwa Fotini, ta leƙo ta katanga ta ce, "Ɗana, irin wannan barci take yi da sanyi, kai kuma kana mata wanka. Rufe famfon." Na rufe, na huhhuda ƙasar ta sha iska, na jira rana.

Ranar jajibirin Ista Fotini ta ce in ja ciyawar in gani. Na damƙa na ja, ciyawa ta ƙi tasowa, ga kore yana leƙowa. Lefteris bai ba ni haƙuri ba, amma washegari shi da kansa ya kawo mini jan ƙwai, irin wanda suke rinawa don bikin Ista, da cinyar rago.

Ki aiko mini da ganyen shayin dutsenmu. Ki gaya wa Inna, shekara tara a ƙasar mutane, yau abin da na shimfiɗa ya yi saiwa. Allah ya bar mu tare.

Ƙaninki,
Petrit