Kwana Ɗaya a Drenik

Mostar, 3 ga Afrilu

Zuwa ga jikana Tadiya, sarkin gaggawa,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kai da dogayen ƙafafunka kuna lafiya. Wayar da ka saya mini tana cikin gwangwanin sukari, ita ma lafiyarta ƙalau, don haka ga takarda.

Na karanta shirinka. Daga ƙofata zuwa Dubrovnik a keke, ta tsohon layin dogo, kwana biyu, a watan Agusta. Wa ya biyo ka? A Agusta dutsen nan ƙwai yake soyawa. Ka bari sai Mayu. A kan layin nan aka haife ni, babana ne mai ɗaga wa jirgi tuta, kuma har yau da keke nake zuwa kasuwa, saboda haka ka buɗe kunne.

Jirgi ba ya son hawa, shi ya sa hanyar ba za ta taɓa miƙe maka tsaye ba. A hankali za ta cinye ka, kamar baƙon da ya ce kwana ɗaya zai yi. An kwashe ƙarafunan, an bar tsakuwar, kaifinta kamar bakin maƙwabciyata. Ka riƙe faci da yawa da famfon iska. Ruwa gora huɗu, don bayan gadar ƙarfe babu shago babu kowa. Ɓaure da cuku ni zan ƙulle maka. Fitila biyu, ta goshi da ta keke, don sau goma aka huda dutse jirgi ya wuce, kuma kogo na tara jemagu sun yi gari a ciki. Ka rufe bakinka a can, in za ka iya.

Kwana uku za ka yi. Ranar farko ka tsaya a Drenik, da ka fito daga kogo na tara. Kada ka wuce. Nan daidai ƙafar mutum take mutuwa.

Taka,
Kaka Zorka

*

Zagreb, 11 ga Afrilu

Kakata abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa da girmamawa, na karɓi umarni. Na koma Mayu, na sayi fitilun, na ƙara gora.

Sai dai na shimfiɗa taswira na duba. Gaba kaɗan da Drenik, tafiyar sa'a ɗaya, akwai masauki a Ravno, da gado da abinci. Drenik kuwa gida uku ne. A ina zan kwana, wurin jemagu?

Na tambayi Baba. Ya ce gida ɗaya cikin ukun na yayarki ne, Stoya. Shekarata talatin, Kaka, sai shekaranjiya na san kina da 'yar'uwa.

Ƙafata ba ta mutuwa a ko'ina. Faɗa mini aiken da kike son yi da ni.

Jikanki mai biyayya, amma ba sosai ba,
Tadiya

*

Mostar, 19 ga Afrilu

Tadiya, ɗan nema,

Ina gaishe ka duk da haka. Ubanka tun yana yaro cikinsa ba ya riƙe magana.

To, zauna. Gidan tashar Drenik namu ne. Muna yara, ni da Stoya muke kai wa Baba abinci ta cikin kogon nan in yana aiki a wancan ɓangaren. Ni matsoraciya ce, ba na shiga sai ta wuce gaba da fitilar Baba, ina riƙe da bakin rigarta, idona a rufe. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

Shekarar da aka rufe layin, Baba ya kwanta, rabin jikinsa ya mutu. Muka yi magana: wata ɗaya ita, wata ɗaya ni. Na hau jirgi na ƙarshe na ce mata, «Mako ɗaya zan yi, in ga kakanka in dawo.» Wato ban ce kakanka ba, a lokacin ko gemu bai gama ba. Mako ya zama wata. Na ce ai babu jirgi. Gaskiya ne babu jirgi, amma ina da ƙafa. Shekara shida ta yi tana juya shi a gado ita kaɗai. Ranar binne shi na je, ta miƙo mini kofi kamar yadda ta miƙa wa kowa. Daga ranar ban sake jin muryarta ba.

Ba wani babban aike ba ne. Ka ƙwanƙwasa ka ce ruwanka ya ƙare, a Drenik ba a hana matafiyi ruwan rijiya. Ka duba mini ko tana tafiya da ƙafarta, ko akwai itace a tare, ko rumman ɗin bakin ƙofa yana nan. Kada ka faɗi sunana. Hancinka ne kawai matsala, irin namu ne, ka ɗan riƙa sunkuyar da kai.

Ta cika tamanin da ɗaya a hunturun nan. Ina lissafi.

Allah ya tsare hanya,
Kakarka

*

Zagreb, 2 ga Mayu

Kaka,

Gaisuwa. Ba zan iya zuwa ƙofar tsohuwa da gora huɗu cike in ce ƙishi nake ji ba. Na rubuta mata, na faɗi sunana da naki. Ki yi faɗanki in na iso.

Na kama miki keke mai batir. Mota za ta kai ki gadar ƙarfe, daga nan sai mu biyu. In kin ƙi, na mayar. Ga amsarta a ciki, ban gyara ko harafi ba.

Naki,
Tadiya

*

Drenik, 27 ga Afrilu

Tadiya ɗan Miro,

Na ga takardarka, ina amsa gaisuwa. Rubutunka ya fi na kakarka kyau.

Rumman ya mutu tuntuni. Rijiya na nan. Gado biyu ne a gidan, ɗaya nawa, kai a ƙasa za ka kwana.

Ka gaya mata fitilar goshi ba za ta yi mata komai ba, tunda ido rufe take shiga. Ku iso bakin kogon kafin rana ta yi zafi, ku jira a ɓangarenku. Ƙafata ba kamar da ba, amma fitilar Baba tana ci. Zan sa riga mai dogon baki.

Ta ce mako ɗaya. Kada ta makara.

Stoya