Babin da Ka Yaga Shi 'Yarka Za Ta Buga

Baba Martin, gaisuwa mai yawa.

Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko kana da rai ma ba ka jin Hausa, sai "sannu" ɗin da ka shekara uku kana ɓatawa. Amma da wa zan yi faɗan in ba kai ba?

Ka tuna safiyar Talatar nan da nake maka aski a kicin? Da kumfa a fuska ka ce in miƙo maka babin ƙarshe na littafinka. Ka yage shi gida huɗu, ka zuba a shara kan ɓawon ayaba. To ka goge na cikin kwamfuta mana! Ba ka goge ba. Yanzu 'yarka Sheila ta zo gidanka na Takoma Park kwashe kaya, ta same shi, kuma da shi za ta kai littafin a buga.

Ni ban wuce aji shida a Kumasi ba, amma littafin nan na fi ta saninsa, don a kunnena ka rubuta shi, ina maka wanka, ina canza maka zanen gado. Labarin tukunyar tatsuniyar kakanninka na Ireland ne, wadda ake jefa gawa ta fito da rai amma ba baki. A ƙasar da ka ƙirƙira, gwamnati kowa take tsomawa, ya fito da ƙoshi da lafiya, bebe. A babin da ka yaga, an fasa tukunyar, kowa ya yi waƙa, shi ke nan. Kai da bakinka ka ce ƙarya ce. Wanda ka gaya mini daga baya shi ne, an fasa ta, mutane suka yi kwana uku suna magana, suka tsorata da abin da suka ji, sai ga su a layi a ƙofar maginin tukwane. Me ya hana ka rubuta shi? Wata biyar ka yi bayan nan, kullum gobe.

Na faɗa wa Sheila. Ta dafa kafaɗata, wai ruɗewar tsufa ce. Ruɗewa? Mutumin da ke kama ni in na rage masa sukari rabin cokali?

Ga abin da ban taɓa gaya maka ba. Da farko ba na sauraro, ina gyaɗa kai ne kawai don ka haɗiye magani. Kuma da ta dafa ni ɗin, shiru na yi, don ita za ta rubuta wa kamfanin da ya turo ni takardar shaidar aikina. Na ji kunya har cikin bas ɗin komawa gida.

Jibi take tafiya. Gobe zan koma in faɗi babin tiryan-tiryan, takardar ta zo ko kar ta zo. Kuma ba ni kaɗai na ga yagawar ba. Anti Ramatu mai auna maka jini tana tsaye bakin firji, Malam Isufu direban asibiti yana ƙofa yana duba agogo. Dukansu sun ce za su zo.

Ka huta, tsoho mai taurin kai.

Naka mai aski,
Awudu