Man Kaɗanya a Gwangwanin Asibiti

Assalamu alaikum Malam Edita, da kai da masu karanta wannan shafi. Don girman Allah a sakaya sunana, kuma kafin kowa ya zage ni ya bari in kai ƙarshe, don ni ma ban bar kaina na huta ba.

Mahaifina maɗinkin riga ne a nan Wudil, har daga birnin Kano ake zuwa neman aska takwas ɗinsa. Bara da kaka allura ta soke shi a gefen farcen yatsansa na nuni, wurin ya yi ja yana zogi, aka ce karkare ne ke son kama shi. Ya aike ni ɗakin shan magani. Malamin asibiti ya lakato mini wani man shafawa mai suna penisilin a ɗan gwangwani, ya ce a riƙa wanke yatsan da ruwan ɗumi da gishiri a shafa safe da yamma, in kuwa ya tara mugunya a kawo mai shi. A hanya na ratsa ta kara, wato kasuwar shanu, na tarar da wani dillalin shanu ɗan Darki. Da ya ji abin da na ɗauko sai ya riƙe baki ya ce, "Kai yaro, karkare ba ya shiri da maganin Bature! In ka shafa, ciki zai koma ya ci ƙashi." Ni da nake taƙama na yi ajin yaƙi da jahilci, wallahi sai na gaskata shi. Na gangara bakin kogi na kwashe maganin tas na watsa a ruwa, na cika gwangwanin da man kaɗanya. Saƙon malamin kuwa ban faɗa wa kowa ba. A zatona ceton Baba nake yi. Wane irin ceto ne wannan?

Baba ya shinshina ya yi dariya ya ce, "Ashe maganin nasu ma warin kaɗanya yake yi." Ya riƙa shafawa da bismillah, yana sa mini albarka. Yatsa ya kumbura, ya tara mugunya, ya yi baƙi, ni kuwa kullum sai in ce gobe zan faɗa, kunya ta danne mini baki. Da aka kai shi asibitin birni sai da suka yanke gaɓa biyu. Daga baya na ga wani mahauci maƙwabcinmu ya shafa irin wannan man na asibiti tun ciwon yana sabo, ya warke sumul, farcensa ko ɓarewa bai yi ba.

Rigar da Baba yake ɗinkawa tana nan rataye a zaure, allurar tana soke inda ya tsaya. Ba na iya wucewa ban kalle ta ba. Wani lokaci muna cin tuwo sai ya kai hannu yana sosa iska, ya ce, "Farcen nan ne ke mini zogi." Farcen da babu shi! In na je kogi wanka sai in ji kamar maiƙo yana bin jikina, in yi ta cuɗawa ba ya fita. Duk wanda ya zo gaishe shi kuwa, sai ya ɗaga dungulmin ya ce, "Ga aikin man asibiti, ku kiyayi kanku."

To, yanzu Inna ce. Babban yatsanta ya yi ja a gefen farce, ko mazari ba ta iya murzawa, ta tura shi cikin lemon tsami tana cije leɓe. Na ce, "Baba, a bari in karɓo mata magani tun bai yi nisa ba." Ya zuba mini ido ya ce, "Kai da ka ɗauko mini shi da hannunka, ka ga abin da ya yi mini, uwarka kuma kake so ya cinye? In ya sake shigo mini gida ban yafe ba."

In na yi shiru, ina kallo yatsan Inna zai bi na Baba. In na buɗe baki, mutumin da yake shi mini albarka zai san wanda ya raba shi da allurarsa. Yau da safe na ga wurin ya fara yin fari. Jama'a, me zan yi?