Ki Aiko Min da Shunin Gida

Zangon Kumasi, watan Rajab, 1953

Zuwa ga Yaya Kaltume, garin Rara.

Gaisuwa mai yawa da so da bege. Ina lahiyarki, da ta Inna, da ɗiyanki duka? An samu albasa bana?

Ni ƙanwarki Kyauta lahiya lau nike, sana'ar kitso tana ci gaba. Sai dai matan nan sun raja'a ga wani baƙin rini na kwalba da Turawan kanti ka kawowa, mai ɓoye hurhura. Tun da nis soma shafa musu shi, yatsuna sunka kumbura, suna ƙaiƙayi har suna ruwa. Kada ki gaya ma Inna, abin da sauƙi, kodayake yanzu da cokali nika cin tuwo.

Wata tsohuwa 'yar Goronyo ta duba hannuna, ta ce, "Ɗiyata, mi ya raba ki da shuni da lalle?" Sai hawaye sunka zubo min.

Don Allah idan fataken goro za su taso, ki ba madugunsu Mainasara shuni da garin lallen bayan ɗakinmu ya kawo min.

Wa ka yi ma Inna kitso yanzu? Ki ce ma mai kitson ta riƙa ja sannu, tsakar kan Inna ba ta son tsanani.

Allah shi sada mu da alheri.

Taki,
Kyauta