Jigon Baba Sule

Daren Laraba, Wurno, tsakiyar rani

Yau ma na dawo daga Birnin Kudu da jarka wayam, babu fetur. Injin ban-ruwana yana ajiye, tumatirina sai yaushi yake yi.

Ni da bakina na ce wa surukina Baba Sule zamanin ɗebo ruwa da jigo ya wuce, ƙasa ta samu mai. Har na faskare itacen nawa jigon, matata, 'yarsa, ta tuƙa tuwo da shi.

Da la'asar na leƙa lambu, na tarar da tsohon yana jan ruwa da jigonsa, ya karkato shi cikin fangalin tumatirina. Na tsuguna, na kasa ɗaga kai.

Ya ce, "Sannu da hanya, Malam Idi. Je ka huta."

Da ma zagina ya yi, da na samu barci.