Abin da Idon Akwati Ya Zaɓa

Zuwa ga Adda Bilki, a Amarawa.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina gajiya, ina yara? Mu nan Illela lafiya lau. Ƙafar mijinki Jaɓɓo, da harsashi ya sama a yaƙin Sakkwato, ta fara warkewa, har yana kai shanu rijiya.

Adda, akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Na leƙa cikin akwatin Nasara.

Wani Nasara ya sauka nan da tafintansa, wai iyaka suke aunawa. Yana da akwati mai ƙafa uku da ido na gilashi, mai kama surar mutum. Shekaranjiya na kai musu nono suna ɗaukar surar Baffa, tafintan ya ce in sa kai cikin baƙin ƙyallen akwatin in gani. Kunya kamar ta kashe ni, amma na sa. Na ga Baffa kai ƙasa, ƙafa sama. Da akwatin na nesa, komai ya fito tar: Baffa, zana, har tsamiyar baya. Da suka matso da shi kusa, gemun Baffa kaɗai ya fito, tsamiya ta koma hayaƙi. Tafintan ya ce in aka sa dogon ido ma haka yake, abu ɗaya yake zaɓa ya bar saura.

Yau sun dawo da dogon idon, wai surar Baffa ba ta kamu ba. Suka zaunar da shi ta wajen rijiya, sai murna yake, har da sabon rawani. Da suka juya shan nono na sake leƙawa. Adda, Baffa ne hayaƙi. Wanda ya fito tar, can baya, Jaɓɓo ne da gugansa, har ɗaurin ƙafarsa na gani.

In Baffa suke so, mi ya kai dogon idon wajen rijiya? Ina tsoron waɗanda suka yi yaƙin Sakkwato suke nema. Sun ce haske bai isa ba, sai gobe da hantsi. Baffa ba zai yarda da ni ba, ya riga ya kira su baƙinsa.

Na ɗaure wa Jaɓɓo fura a zanena. Gobe ni za ni ja guga, shi kuwa yana hanyar Araba. Ki je ki jira shi can.

Ki gaida yara.

Ƙanwarki,
Baraka