Ɗaya ga Janairu

Litinin, 3 ga Mayu 2010
Wata uku ke nan ina Matameye ni kaɗai. Mu biyar ne a kofaratif ɗinmu, ƙungiyar haɗin gwiwa ta masu rubuta manhaja, babu mai gida babu bara, kowa da ƙuri'arsa ɗaya. Huɗu suna Damagaram suna shan shayi tare, ni ce aka turo nan da ordinatar guda, wato kwamfuta, wai ai garinmu ne. Garinmu! Mijina Cha'ibu yana Legas tun bayan girbi, in abin da aka yi bara girbi ne. Ina dafa tuwon mutum ɗaya, ya kwana.

Laraba, 5 ga Mayu
Tun da sojoji suka karɓi mulki aka daina ɓoye kalmar yunwa, masu agaji suka cika gari. Manhajar da muke wa aiki ce ke rajistar yaran da za a ba garin kunu: wanda bai cika shekara biyar ba ya shiga, wanda ya wuce ta fitar da shi. Manhajar ta kowa ce, a buɗe take, duk wanda ya iya ya karanta ya gyara. Akwai hannuna a ciki, da sunana. Ina jin daɗin hakan fiye da yadda ya kamata.

Lahadi, 9 ga Mayu
Ba wuta. Ba wanda ya kira.

Talata, 11 ga Mayu
Wata tsohuwa daga Tsauni, Shekara, ta zo wurin rajista da jikarta Mariyama a goye. Yarinyar ba ta iya tsayuwa da kyau. Manhaja ta ƙi ta, wai ta wuce biyar. Tsohuwar ta ce, "Ɗiyata, wannan ce ta wuce biyar? Cikin azumi aka haife ta, shekarar waccan yunwar, ni na yanke cibi." Na ce ta yi haƙuri, Inna, na'ura ba ta kuskure. Da bakina na faɗa. Ta gyara goyo ta tafi, ko tsinuwa ba ta yi mini ba.

Laraba, 12 ga Mayu
Maganar azumin ta tsaya mini. Yunwar 2005 take nufi. Na duba: azumin 2005 a Oktoba ya faɗo. Yarinyar ba ta cika biyar ba, da sauran wata biyar.

Ni ce. Yaran ƙauye ba su da takardar haihuwa, uwa ta faɗi shekara kawai. Lokacin da nake rubuta wurin ranar haihuwa a manhajar, na sa in babu rana manhaja ta cike da ɗaya ga Janairu. Ban ma tsaya tunani ba. Haka katina yake, haka na babana, haka na rabin ajinmu a lakwal, makarantar boko, duk ranar ɗaya ga Janairu aka haife mu, muna ma dariyar abin. Dokar kofaratif, babu gyaran da ke shiga sai wani ya duba. Inusa, ɗaya daga cikinmu, shi ya duba, ya wuce da shi, don shi ma ɗan ɗaya ga Janairu ne.

Duk yaron da aka haifa a ƙarshen 2005 na ƙara masa watannin da bai rayu ba. Na ƙirga, yara ɗari biyu da goma sha uku aka mayar gida.

Alhamis, 13 ga Mayu
Na kira Inusa. Ya ce, "Sa'a, mu gyara a hankali, kada mu tada ƙura, masu agajin nan za su kore mu." Na ce in muka gyara a ɓoye wa zai nemo waɗanda aka kora? Kuma ’yan Chadi sun ɗauki wannan ɓangaren suna aiki da shi. Aka yi ƙuri'a ta waya. Uku da biyu, a faɗa.

Na rubuta a shafin manhajar inda duniya ke gani, da sunana. Da ina da mai gida da ya zage ni na huta. Babu. Wani daga nesa ya amsa da kalma biyu, wai an gode.

Asabar, 22 ga Mayu
An karɓi gyaran. Yanzu manhaja tana tambaya: azumi, babbar salla, shuka, kaka. Kwana uku na yi a gindin itacen bedi da matan garin Kance suna gyara mini jerin lokutan, suna mini dariya wai ’yar boko ba ta san watan da aka haife ta ba. Wata ta ce in tambayi uwata. Uwata ta rasu. Ban faɗa ba, na yi dariya tare da su.

Talata, 25 ga Mayu
Na hau kabukabu zuwa Tsauni da sunan Mariyama a sabuwar takarda. Sojan hanya ya juya takardar sau biyu ya ba ni. Gidan Shekara an jingina ƙaya a ƙofa. Maƙwabcinsu, Malam Sule, ya ce sun tsallaka wajen Daura kwana tara da suka wuce, da aka ce babu rabonsu a nan. Na tambayi yarinyar. Ya ce, "Da rai dai ta bar nan." Ya ba ni ruwa, na kasa sha.

Jumma'a, 4 ga Yuni
An samo ɗari da casa'in da ɗaya cikin yaran da aka mayar gida. Cha'ibu ya kira, ya ce muryata ta canja. Na ce layi ne.

Laraba, 16 ga Yuni
An yi yayyafi, bai kai na shuka ba.

Ummaru, wanda ke riƙe da juyin shugabanci a wannan watan, ya ce aikin Matameye ya ƙare, in tattaro in dawo Damagaram, sun gyara mini tebur kusa da taga. Na ce sai kaka, akwai sauran gwaji da ban gama ba. Ya ce wane gwaji? Na lissafa masa abu uku, duka gaskiya ne.

Ranar rabo na ce a bar mini kiran suna, muryata ta fi kaiwa bayan layi. Idan na zo kan na Mariyama ina kira sau uku kafin in wuce. Ma'aikacin agajin ya ce ƙa'ida sau biyu ne. Ban ji shi ba.